Wadda Na Tarar a Kwadaso

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya raya mu, ya kuma tara mu a inuwa ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Shugaban wannan taro, Alhaji Shakiru Abdulai. Wakilin Mai Girma Sarkin Zango da dattawan da suka rako shi. Limamanmu da malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Magajiya, uwar matan Zango, Hajiya Hadijatu, tare da mataimakanta. Nananom, dattawan Asante maƙwabtanmu, waɗanda suka amsa gayyata kamar yadda suka saba. Shugabannin 'yan kasuwar shanu, da na direbobi, da na teloli. Iyayena mata da ke ƙarƙashin rumfar can ta hagu. Yayyena da ƙannena. Samari da 'yan mata da ke tsaye a baya don kujeru sun ƙare. Jama'a baki ɗaya: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Ƙungiyar Zumunta da ta shirya wannan taro na yi wa 'yan Zango mazauna ƙasashen waje barka da zuwa. Ina godiya ga waɗanda suka kafa rumfunan nan, da matan da tun bayan sallar asuba suke bakin murhu don mu ci waakye mai zafi. Ina kuma godiya da aka zaɓe ni in yi magana a madadin waɗanda suka dawo bana, alhali a cikinsu akwai waɗanda suka girme ni, suka kuma fi ni ilimi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, kuma na lura suna da yawa, sunana Safia, 'yar marigayi Malam Brimah tela. Shekarata sha tara a Brescia, a ƙasar Italiya, ina aikin kula da tsofaffi. Rabona da Kumasi shekara goma sha ɗaya, sai watan jiya.

Shugaba ya nemi in yi magana a kan zaman ƙasar waje da darussan da ke cikinsa. Tun a jirgi na rubuta shafi uku, cike da nasiha. Na bar su a gida. Abin da na gani a makonni biyar ɗin nan ya fi abin da na rubuta nauyi. Saboda haka maganata uku ce: abin da na tarar, da wadda na tarar, da abin da nake roƙo.

Na farko, abin da na tarar.

Na tarar da garin da ya girma ba tare da ya jira ni ba. Ranar da na shiga Kejetia, ni da nake ratsa kasuwar nan da faranti a ka ina 'yar shekara goma, sai ga ni ina tambayar hanya. Matar da na tambaya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Borga ce ke, ko?" Wato wadda ta dawo daga Turai. Tafiyata kaɗai ta tona ni. Na je bakin famfon da muke layi da bokitai muna faɗa muna shiryawa, na tarar da kantin sayar da waya. Na je makarantar allonmu, ɗakin yana nan, amma an sare mangwaron da muke ɓuya a bayansa.

Na tarar da mahaifiyata a Ash Town, a gidan yayana. Matar da ke ɗaukar daron cukun wagashi tun daga gida har Alabar ba ta sauke ba, yau sai an riƙe mata hannu take miƙewa. Jama'a, shekara sha tara ina yanke wa iyayen wasu farce. Ranar da na iso na ɗora ƙafar Mma a cinyata na yanke nata, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata.

Na shiga gidaje goma sha huɗu na yi ta'aziyyar mutanen da na bari da ransu. Ko'ina an shimfiɗa mini tabarma, ko'ina an ba ni ruwa, ko'ina an yi mini addu'a. Kuma kusan ko'ina, kafin in gama zama, sai wani ya ce cikin raha, "Borga, me kika kawo mana?" Na yi dariya, domin ni ma kafin in tafi haka nake tambayar masu dawowa. Ban taɓa tunanin tambayar nan tana iya yi wa wani illa ba.

Na biyu, wadda na tarar. Kafin in fara, ku sani cewa duk abin da zan faɗa da izinin masu labarin zan faɗe shi.

Da yawa a cikinku kun san Fareeda, 'yar Alhaji Awalu dillalin shanu. Ƙawata ce tun muna yara, benci ɗaya muka zauna a firamare, a ajin Madam Serwaa. Mijinta ya rasu a hatsarin mota a hanyar Sunyani, ya bar ta da 'ya ɗaya, Aliya. Shekara tara da suka wuce ta bar yarinyar, tana da shekara bakwai, a hannun mahaifinta, ta tafi aikin gida a wata ƙasar Larabawa. Muna gaisawa ta waya. Kamar shekara uku baya saƙonninta suka fara gajarta: "Lafiya lau, alhamdu lillahi," shi ke nan. Ni kuma na daina bin ba'asi. Wannan laifina ne, kuma na amsa shi a gabanku.

A makona na biyu na je gaida Alhaji Awalu. Mutumin da ya taso daga Nijar yana saurayi, a ƙafa, bayan garken shanu, ya shekara hamsin a kasuwa, yau ciwon sukari ya cinye masa ido. Ina yin sallama ya ce, "Muryar Safia ce ta Malam Brimah." Na durƙusa na gaishe shi. Na tambayi Fareeda. Ya ce, "Tana aiko da murya duk Juma'a. Aliya, kunna wa antinki ta ji." Aliya, wadda yanzu shekararta sha shida, ta kunna wayar. Na ji ƙawata tana cewa aiki na tafiya daidai, tana gaida kowa, Aliya ta dage da karatu.

Da saƙon ya ƙare, Alhaji ya juyo inda nake, ya ce, "'Yata, ke da kika san zaman waje, mutum yakan gaji a can?"

Na ce, "Yakan gaji ƙwarai, Baba."

Ya ce, "To in ya gaji, me ke hana shi dawowa gida?"

Na shiga yi masa bayanin takardu da wahalar samun jirgi. Ya saurara har na gama, ya ce, "To."

Bayan kwana huɗu na ce bari in je in gaida malamarmu, Madam Serwaa, wadda aka ce mini tana nan da ranta, shekara tamanin da huɗu, a gidan ɗanta a Kwadaso. Na hau trotro, ƙaramar bas ta haya, muka wuce Sofoline ina ta kallon gadar sama kamar baƙauya. Na sami gidan, na ƙwanƙwasa. Wata mata siririya ta buɗe, da tsintsiya a hannu, hannunta na hagu kuwa duk tabon ƙuna ne, yatsu biyu sun lanƙwashe. Na fara ce mata da harshen Twi ina neman Madam. Sai ta ce, a hankali, "Safia."

Jama'a, Fareeda ce.

Ta yi yunƙurin rufe ƙofar, na sa ƙafata. Ta ja, na tura. Mata biyu masu shekara arba'in da wani abu, muna kokawa da ƙofa kamar yaran firamare, duk muna kuka. Sai muka ji murya daga ciki, muryar da ta sa mu duka muka tsaya cik kamar dā. Madam tana jin Hausa, amma Hausarta, kamar ta da yawa daga cikinmu, ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Fareeda, bar ƙofa! Wane ne? Safia Brimah? Kai ne? Ka yi ƙiba! Shigo."

A falon nan Fareeda ta ba ni labari. Ta yi fiye da shekara shida tana aiki a gida ɗaya. Ran nan tafasasshen mai ya kife mata a hannu. Ba a kai ta asibiti ba, kuma da hannun ya ƙi aiki aka fara ce mata ba ta da amfani. Fasfonta yana hannun masu gidan. Ta gudu, aka kama ta, ta yi wata huɗu a inda ake tsare waɗanda za a kora, sannan aka sa ta a jirgi da 'yar jaka ɗaya.

Ta iso Kumasi ranar wata Talata da rana. Ta ɗauki tasi har bakin layinmu. Motar ta tsaya wajen mai koko, gilashi a buɗe, ga mata suna hira. Ana maganar ɗan wata mata da ya dawo daga Libya. Wata ta ce, "Shekara biyar, ya dawo da silifas!" Aka kwashe da dariya. Fareeda ta ce mini, "Safia, na san muryoyin nan duka. Ba mugaye ba ne. Su suka yi rawa a bikina. Amma na dubi jakata, na dubi hannuna, na ga gobe ni ce hirar. Ni da Baba ya sa aka yi wa addu'a a masallaci ranar da zan tafi."

Daga inda take tana hango ƙofar gidansu. Ta ce wa direba, "Mu wuce." Ya ce, "Ina?" Ta faɗi sunan unguwa mafi nisa da ta zo mata a baki: Kwadaso.

Ta yi kwana uku tana fakewa a wani ƙaramin masallaci. A rana ta huɗu, a kasuwar Kwadaso, wata tsohuwa ta tsaya tana kallonta, sannan ta ce, kamar mai kiran suna a aji, "Fareeda Awalu. Layi na biyu, kusa da taga." Madam ta kama hannunta ta kai ta gida, ta kai ta asibiti, ta ba ta ɗaki da wurin salla. Ita kuma tana kula da Madam. Tsohuwar lambarta ta waje tana aiki a waya, don haka duk Juma'a sai ta shiga sito ta rufe ƙofa ta aiko da murya, kamar tana can. Sau biyu ta sa niƙabi ta je ta tsaya tsallaken makarantar Aliya lokacin tashi. Ta ga 'yarta ta wuce da ƙawaye, ba ta kira ta ba.

Shekara biyu da wata huɗu, jama'a. Shekara biyu da wata huɗu tsakanin Kwadaso da Zango.

Madam ta ce mini, "Ni na gaji da sirrin nan. Kullum ina ce masa ya tafi gida, ya ƙi. Ni Kirista ne, amma duk Lahadi ina roƙon Allah ya aiko mini da ɗan Zango guda ɗaya. Kai ne aka aiko."

Fareeda ta kama zanena ta ce in rantse ba zan faɗa ba. Na ce, "Ba zan rantse ba. Ba zan tona ki ba, amma in Baba ya tambaye ni kai tsaye, ba zan yi masa ƙarya ba." Muka rabu a haka, ba ta ji daɗina ba.

Kwana uku na yi ina kauce wa layin su Alhaji Awalu. A rana ta uku, da la'asar, sai ga Aliya a gidan yayana, da ɗan ƙunshi a leda. Ta gaida mahaifiyata, ta durƙusa gabana, ta ce, "Anti Safia, in kin koma, ko za ki san yadda wannan zai kai ga Mma? Kuka ce da daddawa da yaji. Ta taɓa cewa miyar can ba ta da daɗi. Na sa takardar sakamakona a ciki, na zo ta uku." Na ce Italiya da can akwai nisa. Ta ce, "Ai duk waje ne, kin fi mu kusa da ita."

Na karɓa. Ban san yadda na karɓa ba. Da gari ya waye na hau mota, minti arba'in, na sa wa Fareeda ledar a hannu, na ce, "Ga saƙonki. 'Yarki ta ce in kai miki ƙasar waje."

Ta kwance. Warin daddawa ya cika falon. Ta ɗauki takardar ta karanta, ta sake karantawa, ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Sai ta ce, "Ke ba za ki gane ba. Ke kin yi nasara. Na ga hotonki da jar mota."

A nan ne na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa a Zango ba, kuma yau zan faɗa muku. Jar motar nan ba tawa ba ce, a bakin titi na gan ta na jingina. Shekarata takwas ta farko ba ni da takarda, in na hango ɗan sanda sai in sauya hanya. Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya. Aikina shi ne in wanke tsoho, in sauya masa ƙyalle, in ba shi abinci a baki, kuma akwai wadda na yi wa haka shekara biyu tana tofa mini miyau tana zagin fatata. Lokacin da mahaifina ya rasu na ce muku aiki ne ya hana ni zuwa. Ba aiki ba ne. Da na fito ba zan iya komawa ba.

Fareeda ta ce, "Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Na ce, "Abin da ya hana ki faɗa mini."

Daga ƙarshe ta ce za ta je, amma sai duhu ya yi, kowa ya shiga gida. Madam ta buga sandarta a ƙasa, ta ce, "Ka yi sata ne? Ka kashe mutum? Gobe ƙarfe goma na safe. Ni zan raka ka."

Ranar Laraba Madam ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta riga mu shiga tasi. Muka sauka a bakin layi, daidai inda Fareeda ta ce wa direba ya wuce. Wadda ta fara ganinta ita ce Mariyama mai koko. Ta tsaya da ludayi a hannu. Ta dubi fuskar, ta dubi hannun, ta dubi jakar. Sai ta ajiye ludayin, ta bar masu saye a tsaye, ta zo ta karɓi 'yar jakar nan da ko yaro zai iya ɗauka da yatsa, ta ɗora ta a ka kamar wani babban akwati, ta shiga gaba tana guɗa. Mariyama da kanta ta ce in faɗa muku: muryarta tana cikin waɗanda Fareeda ta ji ran nan a tasi. Da ta sami labari daga baya, kwana biyu ba ta fito da koko ba.

Alhaji Awalu yana zaune a zaure. Fareeda ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ce, "Baba."

Ya ce, "Shigo, Fareeda. Rana ta fara zafi."

Ta fara cewa, "Baba, na yi maka ƙarya, ba yau na..." Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Na sani. Tun daminar bara na sani. Wata Juma'a ana ruwa a nan, aka kunna mini muryarki, na ji ruwa yana dukan kwanon rufi a bayanki. Wata Juma'ar kuma na ji mata suna waƙar coci da Twi daga nesa. Shekara hamsin ina gane saniya da kukanta, ba zan gane inda 'yata take ba?"

Ta ce, "Me ya sa ba ka aiko ba?"

Ya ce, "Na ji tsoro. Abin da ya hana ki shigowa, in na tura mutane zai iya kora ki Accra ko Abidjan, in rasa ko muryar. Sai na ce a riƙa ajiye mini kujera a nan, kusa da ƙofa."

Ya miƙa hannu yana lalube har ya kama nata. Da yatsunsa suka hau tabon, ya tsaya. Ya ce, "Wannan fa?" Ta ce, "Mai ne, Baba." Ya ce, "Wa ya sa miki magani?" Ta ce, "A can, babu." Dattijon nan ya kifa goshinsa a kan hannun ya yi kuka, kukan da na tabbata 'yan kasuwar shanu da ke zaune nan ba su taɓa jin ya yi ba.

Da zan faranta muku rai da na tsaya a nan. Amma na ce gaskiya zan faɗa. Aliya ta dawo daga makaranta da azahar, ta tarar da gida cike. Ta dubi uwarta, ba ta matsa kusa ba. Ta ce, "Tun yaushe?" Aka faɗa mata. Ta ce, "Kwadaso? Mota ɗaya?" Ta juya ga kakanta, ta ce, "Kai ma ka sani?" Ta juyo gare ni, ta ce, "Ke kuma kika karɓi ƙunshina." Ta ajiye jakar makaranta ta fita, ta tafi gidan gwaggonta, ta yi kwana takwas.

Kada kowa ya zarge ta. Mu manya uku muka ɓoye mata uwarta, kowa da dalilinsa, kuma babu dalilin da zai mayar mata da shekara biyu. Ta dawo gida yanzu. Har yau ba ta kira ta Mma ba. Ranar Lahadi ta zauna uwarta ta yi mata kitso, da hannu ɗaya da rabi, kusan awa uku. Iyakar inda suka kai ke nan. Ina roƙon iyayena mata, kada a tare yarinyar nan a hanya da wa'azi. Ku ba su lokaci.

Na uku, abin da nake roƙo.

Ina fara da mu, mazauna waje. 'Yan'uwana, mu daina ƙarya da hoto. Duk lokacin da ɗayanmu ya jingina da motar da ba tasa ba, yana ƙara tsawon katangar da ɗan'uwansa zai kasa tsallakewa ranar da ya dawo hannu wofi. Mu faɗi daɗin, mu faɗi wuyar. Wanda zai tafi ya tafi da idonsa a buɗe, wanda ya dawo kuma kada a auna shi da abin da mu kanmu ba mu da shi.

Sai ku, mutanen gida. Ba na ce a daina raha ba, Zango ba ta rayuwa sai da raha. Ba na ce tsaraba haramun ce ba, mai shi zai bayar da farin ciki. Amma ina roƙonku, don girman Allah, kada tsaraba ta zama tambayar farko. A fara tambayarsa lafiyarsa, a fara tambayarsa ko ya ci abinci, a fara barinsa ya zauna. Kuma in kuna hirar ɗan wani da ya dawo babu komai, ku tuna cewa kowace tasi da ta tsaya a bakin layi tana da taga, ba ku san wanda ke ciki ba.

Sannan Magajiya, da limamanmu, da Shugaba. Ba asusu nake nema a buɗe ba. Mutane nake nema. A zaɓi mata uku da maza uku masu riƙe sirri, a sanar da lambobinsu a masallatai da wuraren suna da biki, har su kai ga 'ya'yanmu na waje, domin duk wanda ya iso bakin layi zuciyarsa ta karaya ya sami wanda zai kira ya zo ya raka shi ƙofar gida. Mariyama ta ce a fara rubuta sunanta.

Kada ku ɗauka Fareeda kaɗai ce. Ta faɗa mini cewa a shekara biyun nan ta ga 'yan Zango biyu a halin da take. Wata mata tana wanke-wanke a wani gidan abinci. Wani kuma yana lodin kaya a tashar Sofoline. Sun haɗa ido, ya gane ta, ta gane shi, kowa ya kau da kai. Ba ta faɗa mini sunayensu ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da kawai ta ce shi ne, uwar mutumin nan tana raye, kuma tana gaya wa mutane ɗanta yana Jamus. Mai yiwuwa tana zaune a ƙarƙashin rumfar nan yanzu, tana tausaya wa Alhaji Awalu.

Fareeda tana cikin taron nan. Ta roƙa kada a tashe ta tsaye, kada a yi mata tafi, kada a yi ta waiwaye. In an tashi, wanda ya san ta ya gaishe ta kamar yadda ake gaida kowa. Madam Serwaa kuwa, ga ta can a gaba kusa da Nananom. Madam, kin koya mana karatu muna yara, kin riƙe mana 'yar'uwa muna manya. Medaase. Zango ta gode.

Ni ranar Alhamis zan koma, akwai tsohuwar da ke jirana. Na bar muku tawa tsohuwar, na bar muku ƙawata da 'yarta.

Ya Allah, ka jiƙan iyayenmu da suka rasu muna nesa, waɗanda ba mu yi wa wanka ba, ba mu raka ba. Ya Allah, ka ba Alhaji Awalu lafiya, ka ba Mma lafiya, ka ba Madam Serwaa lafiya, da duk tsofaffin da ke wannan wuri. Ya Allah, ka sanyaya zuciyar Aliya, ka daidaita tsakaninta da mahaifiyarta. Ya Allah, ka tsare 'ya'yanmu da ke cikin sahara, da na kan teku, da na gidajen mutane inda babu mai jin kukansu. Ka ƙara zaman lafiya tsakaninmu da maƙwabtanmu, ka zaunar da Kumasi da Ghana lafiya, ka mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Ya Allah, bawanka da ke ɗaukar kaya a Sofoline, da baiwarka da ke wanke kwanuka, kai ka san sunayensu. Ka ƙarfafa musu ƙafa, ka kawo su ƙofar iyayensu tun iyayen suna da rai. Mu kuma, ranar da suka zo, ka tsare mana harsunanmu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.